Wa ke da Massey yanzu? Makomar masu ƙera tarakta mai araha a zamanin da manyan kamfanoni ke haɗiye ƙanana

A farkon watan Yulin 2025 labari ya fito cewa kamfanin AGCO na Amurka da kamfanin TAFE na Indiya sun sasanta rigimar da suka kwashe sama da shekara guda suna yi, wadda har kotu ta kai su. Cikin abin da suka daidaita a kai, sunan Massey Ferguson ya zama mallakin TAFE a Indiya da Nepal da Bhutan, a sauran duniya kuma yana nan hannun AGCO, sannan TAFE ya biya dala miliyan 260 ya sayi hannun jarin da AGCO ke da shi a cikin TAFE ɗin. Toh wanda ba ya bin harkar sai kansa ya ɗaure, yo ba cewa ake Massey kamfanin Ingila ba ne? Me ya haɗa shi da Indiya? Ita kuma jar tantan ɗin da ake gani tana haro a Kura ko Funtuwa, wadda aka ce daga Pakistan aka kawo ta, ta waye a cikinsu?

Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ke buɗe ƙofar babbar magana, wato yadda kamfanonin kayan noma suka yi shekara arba'in suna haɗewa suna sayen juna har suka koma 'yan ƙalilan, da kuma inda hakan ya bar waɗanda sana'arsu ita ce ƙera tarakta mai sauƙin kuɗi.

Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Idan aka ce masana'anta tana dunƙulewa, ana nufin yawan kamfanoni masu cin gashin kansu yana raguwa, kasuwa tana taruwa hannun kaɗan. Hanyoyin da hakan ke faruwa ba ɗaya ba ne. Wani lokaci kamfani biyu ne za su haɗe su zama ɗaya, wani lokaci babba ya sayi ƙarami gaba ɗaya, wani lokaci kuma hannun jari kawai zai saya, daidai wanda zai ba shi kujera da murya a wajen yanke shawara. Sau da yawa sunan kamfanin da aka saya ba ya mutuwa, ana ci gaba da liƙa shi a jikin bonet, shi ya sa mai saye yake ganin sunaye goma a kasuwa alhali masu su uku ne.

Akwai kuma abubuwa biyu da mutane ke rikitawa. Na ɗaya lasisi, wato kamfani ya ba wani izinin ƙera samfurinsa da amfani da sunansa a wata ƙasa, ana biyansa. Haka Millat Tractors na Lahore yake ƙera Massey Ferguson tun shekarun 1960. Na biyu shi ne ƙira ta kwangila, kamfani ya ƙera tarakta a masana'antarsa, wani ya zo ya saya ya fesa nasa fenti ya sa nasa suna. Yanmar na Japan ya yi wa John Deere irin wannan aiki shekaru masu yawa, LS Mtron na Koriya ta Kudu ya yi wa New Holland, ƙananan taraktocin Bobcat da suka dawo kasuwa a 2019 kuma Daedong ne ya ƙera su, mai Kioti.

Ita kuwa tarakta mai araha, ba ana nufin ta banza ba. Ana nufin wadda ƙarfinta yawanci bai wuce doki 25 zuwa 90 ba, giyarta ta hannu ce, famfon manta na ƙarfe ne ba kwamfuta ke sarrafa shi ba, sau da yawa ba ta da rufaffen ɗakin direba balle iyakwandishan, kuma bakanike mai sifana da gwaninta zai iya warware ta ya ɗaure a gindin bishiya. Indiya da Sin da Pakistan da Turkiyya da Belarus su ne gidajenta, sai Koriya ta Kudu a ɓangaren ƙanana.

Yadda aka zo nan

Ruwa ba ya tsami banza. A farkon shekarun 1980 noman Amurka ya shiga mummunan hali, kuɗin ruwa na banki ya yi sama sosai, farashin hatsi da na gona ya faɗi, manoma da yawa suka kasa biyan bashi, sayen tarakta ya tsaya. International Harvester, wanda a da yake kafaɗa da kafaɗa da John Deere, dole ya sayar da ɓangaren nomansa ga masu kamfanin Case, daga nan aka sami Case IH a 1985. A shekarar dai Allis-Chalmers ya sayar da nasa ga Deutz na Jamus, daga baya manajojin wannan reshe suka saye shi a 1990 suka sa masa suna AGCO.

AGCO kusan da saye-saye aka gina shi. Ya ɗauki Massey Ferguson a 1994, Fendt na Jamus a 1997, Challenger daga hannun Caterpillar a 2002, Valtra na Finland a 2004. A ɗaya gefen Ford ya sayi New Holland a 1986, Fiat na Italiya ya karɓi harkar taraktar Ford da New Holland ɗin a 1991, sannan a 1999 aka haɗa New Holland da Case aka sami CNH, wanda Steyr na Ostiriya ma yana cikinsa saboda Case ya riga ya saye shi a 1996. Wannan yana da ɗan ban sha'awa ga mutanen arewa, domin Steyr ɗin da aka taɓa harhaɗawa a Bauchi da Fiat ɗin da aka taɓa harhaɗawa a Kano, sunayen biyu ƙarshensu gida ɗaya suka kwana. Renault na Faransa shi ma ya bar harkar tarakta ga Claas tun daga 2003. Shi John Deere bai yi ta sayen masu ƙera tarakta ba, da ma shi ne babba, a shekarar kuɗinsa ta 2023 kuɗin shigarsa ya kai kusan dala biliyan 61.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne irin abin da manyan suke saye. Yanzu fasaha suke bi. Deere ya biya kimanin dala miliyan 305 a 2017 ya sayi Blue River Technology, mai kyamarar da ke bambance ciyawa da shuka ta fesa magani kan ciyawar kaɗai, sannan dala miliyan 250 a 2021 kan Bear Flag Robotics mai aikin tarakta marar direba. CNH ya sayi Raven a 2021 kan dala biliyan 2.1. AGCO ya zuba dala biliyan 2 ya karɓi kashi 85 na harkar noman Trimble, cinikin ya kammala a 2024. Ma'anar wannan a fili take, ribar da suke hange tana wajen babban manomi mai dubban hekta wanda zai sayi injin na ɗaruruwan dubban daloli kuma ya riƙa biyan kuɗin manhaja, ba wajen mai hekta biyar ba.

Abin da ke matse ƙananan kamfanoni

Na farko dokar hayaƙi. Amurka da Tarayyar Turai sun yi ta tsaurara ƙa'idar hayaƙin injin dizal mataki mataki, Amurka ta kai matakin da ake kira Tier 4 a tsakiyar shekarun 2010, Turai ta shiga Stage V daga 2019. Cika wannan ƙa'ida yana buƙatar injekta mai aiki da kwamfuta, matatar toka a bututun hayaƙi, a manyan injina har da wani ruwa na musamman da ake zubawa daban. Kuɗin binciken wannan kusan ɗaya ne ko kana ƙera inji dubu biyu ko dubu ɗari biyu a shekara, to ka ga mai dubu biyu shi zai ji jiki, dole ya koma sayen inji wajen wasu, ribarsa ta ragu. Sannan ƙarin dala dubu kaɗan a kan tarakta ta dala dubu 300 ba a jin sa, a kan ta dala dubu 15 kuwa ya rusa dalilin sayenta. A Amurka ƙa'idar tana da sassauci ga injin da bai kai doki 25 ba, shi ya sa kasuwar ta cika da taraktoci masu doki 24 da ɗan ɗori. Sin ta shiga nata mataki na huɗu a Disambar 2022, Indiya kuma daga Janairun 2023 amma kan waɗanda suka haura doki 50 kawai, ƙasa da haka inda mafi yawan cinikin yake an bar su tukuna.

Na biyu dila. Tarakta ba waya ba ce da za a saya ta intanet a manta da mai sayarwa, tana buƙatar wanda ke ajiye filta da kuloci da fiston, da bakaniken da zai zo gona ranar da ta tsaya a tsakiyar damina. A Amurka da Turai diloli su ma sun dunƙule, kamfani ɗaya yana riƙe da shaguna gommai, kuma manyan masu ƙira sun fi son dila ya tsaya kan sunansu kaɗai. Sabon shiga sai ya rasa wanda zai ɗauki kayansa, ko ya koma wajen ƙananan diloli da shagunan kayan gona. Rural King na Amurka misali yana sayar da tarakta da sunan RK, amma TYM na Koriya ne ke ƙera ta.

Na uku bashi. Manyan suna da nasu kamfanonin lamuni, John Deere Financial da CNH Capital da makamantansu, suna iya ba manomi tarakta ya biya a shekara biyar ko shida, wani lokaci babu ruwa. Mai saye kuwa abin da zai biya duk wata yake kallo. Haka kuma ranar da zai sayar, wadda sunanta ya yi ƙarfi ta fi riƙe daraja, don haka arahar ranar saye tana iya narkewa ranar sayarwa.

Waɗanda wannan matsi ya fi ci su ne na tsakiya, masu tsohon suna da ƙaramin ciniki a ƙasar da albashi ke da tsada. Ursus na Poland, wanda ya taɓa ƙera dubban taraktoci duk shekara a zamanin gurguzu, ya nemi tsira da kwangilolin Habasha da Tanzaniya, duk da haka kotu ta ayyana karyewarsa a 2021. Goldoni na Italiya ya shiga hannun Lovol na Sin, bai tsira ba, aka sake sayar da shi. Versatile na Kanada ya fita daga hannun Rostselmash na Rasha ya koma hannun wani rukunin kamfanoni na Turkiyya mai Başak Traktör. Ko a Koriya TYM ya sayi Kukje, mai Branson, a 2016.

Indiya, inda lissafin ya juye

Idan ana ƙirga kuɗi Deere ne kan gaba, idan ana ƙirga yawan tarakta kuwa Mahindra na Indiya ne, kuma dalili shi ne kasuwar gida. A 2024 an sayar da tarakta wajen dubu 900 a Indiya, babu ƙasar da ta kai ta, mafi yawa masu doki 30 zuwa 50 ne saboda matsakaiciyar gonar manomin Indiya hekta ɗaya ce da ɗan kai. Manomin can da safe zai yi huɗa da ita, da yamma ya ja tirelar yashi ko rake, ya kuma ba maƙwabta haya, kusan yadda masu tantan ke yi a nan. Kasuwa mai wannan girma tana ba masu ƙira abin da Ursus bai samu ba, wato yawa, kuma yawa ne ke sauke farashin kowane ƙusa da kowane giya. A Satumbar 2025 gwamnatin Indiya ta ma rage harajin saye kan tarakta daga kashi 12 zuwa kashi 5.

Sai dai Indiyan ma ta dunƙule. Mahindra, wanda ya fara da lasisin International Harvester a 1963, ya sayi Punjab Tractors mai Swaraj a 2007, yanzu su biyu suna riƙe da sama da kashi 40 na kasuwar. TAFE ya sayi taraktocin Eicher a 2005, ya kuma ɗauki sunan IMT na Sabiya a 2018. Mahindra ya fita waje shi ma yana saye, kashi ɗaya cikin uku na kamfanin kayan noma na Mitsubishi a 2015, Erkunt na Turkiyya a 2017. Wato waɗanda ake kira masu araha su kansu sun zama masu haɗiya.

Japanawa kuma ta ƙofar hannun jari suka shigo. Yanmar yana da kimanin kashi 30 na kamfanin da ke ƙera Sonalika da Solis a Hoshiarpur. Kubota ya fara sayen hannun jarin Escorts, kamfanin Indiya mai taraktocin Farmtrac da Powertrac, a 2020, ya yi ta ƙarawa har ya zama mai rinjaye, a 2022 sunan ya koma Escorts Kubota, saboda haka Farmtrac da Powertrac yau 'ya'yan Kubota ne. Dalilin Kubota ba ɓoyayye ba ne, ƙera tarakta mai sauƙi a farashin Indiya ba abu ne da zai iya daga Osaka ba, ga kuma kasuwannin Afirka da kudancin Asiya da yake hange. Deere yana da masana'anta a Pune, CNH a Greater Noida, SDF na Italiya mai Deutz-Fahr a Ranipet. Koren John Deere mai doki 50 zuwa 75 da ake sayarwa a ƙasashe da dama daga Indiya yake fitowa.

A nan rigimar AGCO da TAFE ke shigowa. Tun 1960 TAFE ke ƙera Massey a Chennai, ya kuma riƙa ƙera wa AGCO ƙananan Massey na kasuwannin waje, har ya girma ya sayi hannun jarin AGCO ɗin kansa ya zama mafi girman mai hannun jari a ciki, kusan kashi 16. Yaron gida ya zama mai faɗa a ji a gidan ubangidansa kenan, kuma shugabar TAFE Mallika Srinivasan ta zauna a hukumar daraktocin AGCO shekaru. Da zaman ya yi tsami a 2024 AGCO ya ce ya soke yarjejeniyoyin da ke tsakaninsu, TAFE ya garzaya kotu. Abin lura shi ne matakin da AGCO ya ɗauka don cike gurbin, bai gina sabuwar masana'antar ƙananan taraktoci ba, a farkon 2025 sai ya ƙulla yarjejeniya da SDF ya riƙa ƙera masa Massey masu doki har 85. Kishiya a kasuwa, mai ƙera maka kaya a masana'anta.

A Sin abin ya fi kama da shirin gwamnati. YTO na Luoyang, wanda aka kafa a 1955, yana ƙarƙashin Sinomach mallakar gwamnati, Weichai mai ƙera injin dizal ya karɓi ragamar Lovol a 2021, Zoomlion mai injinan gini ya shiga noma ta hanyar sayen Chery Heavy Industry a 2014. A ƙarƙashin waɗannan akwai ƙananan masu harhaɗawa birjik, musamman a lardin Shandong, masu sayen inji a nan giya a can su ɗaure su sa suna. Irin su ne ke fitar da tarakta mafi arha a duniya, kuma irin su ne sunansu ke saurin ɓacewa.

Ra'ayoyi uku kan inda aka dosa

Masu goyon bayan dunƙulewar, yawanci kamfanonin da masu zuba jari, hujjarsu ita ce girma ne ke biyan kuɗin bincike da rumbunan kayan gyara da garanti. Suna cewa manomin da ya sayi Farmtrac yau ya fi tabbacin samun kayan gyaranta bayan shekara goma saboda Kubota na bayanta, fiye da wanda ya sayi ta ƙaramin kamfanin da ka iya rufewa gobe. Wannan hujja tana da ƙarfi, duk wanda ya ga tarakta a kan duwatsu shekara biyu saboda rashin famfon haidirolik ɗaya zai gane ta.

Masu adawa, ƙungiyoyin manoma da masu gyara masu zaman kansu da wasu hukumomin gasa, suna cewa idan masu sayarwa suka ragu farashi ba ya sauka, kuma manomi yana rasa iko kan abin da ya saya da kuɗinsa. Babban misalinsu rigimar 'yancin gyara ce. Sabuwar babbar tarakta idan sensa ta ga matsala tana iya rage ƙarfin inji, kuma cikakken gyaran sai da manhajar da ke hannun dila. Jihar Colorado ta yi dokar tilasta ba manoma kayan aikin gyara a 2023, a Janairun 2025 kuma hukumar cinikayya ta tarayyar Amurka, FTC, ta maka Deere a kotu kan wannan batu, Deere ya musanta zargin yana cewa yana ba da kayan gyara da bayanai. Wani abin da ya biyo baya shi ne tsofaffin taraktocin shekarun 1970 da 1980 sun yi daraja a gwanjon Amurka, masu saye suna ganin da tsohuwar zuma ake magani tunda babu kwamfuta a jikinsu.

Ra'ayi na uku yana cewa wannan hawa sama da manyan ke yi shi ne ma damar masu araha. Suna tuna cewa Kubota da ya shiga Amurka a ƙarshen shekarun 1960 kallon ƙaramin baƙo mai arha aka yi masa, manyan ba su damu da ƙananan taraktoci ba, yau shi ne ƙaton wannan ɓangare kuma kayansa ba arha ba ne. Mahindra ya bi sahu daga Texas tun 1994, Koriyawa suka biyo. Sai dai masu wannan ra'ayi su ma sun yarda hanyar tana da ramuka. Cinikin ƙananan taraktoci a Amurka ya yi ta sauka tun bayan tashin da ya yi lokacin korona, masara ta faɗi kusan rabin farashinta na 2022, ga harajin kashi 50 da Amurka ta ɗora wa kayan Indiya da yawa a Agustan 2025. Kuma duk wanda ya yi nasara a wannan hanya ƙarshensa yana daina zama mai araha.

Idan aka ɗora ukun a sikeli, abin da shekarun nan suka nuna shi ne ita tarakta mai araha ba ta cikin haɗari, buƙatarta ma ƙaruwa take. Wanda ke cikin haɗari shi ne kamfani mai cin gashin kansa da ba shi da babbar kasuwar gida. Waɗanda suka rage ko dai sun yi girman da za su saye wasu kamar Mahindra da TAFE da Lovol, ko sun shiga inuwar babba kamar Escorts, ko suna ƙera wa wasu suna ɓoye sunansu, ko kuma gwamnati ke riƙe da su kamar MTZ na Minsk a Belarus, wanda takunkumin ƙasashen yamma ya tura shi neman kasuwa a Rasha da tsakiyar Asiya da Afirka.

Abin da zai taɓa manomi da mai tantan a nan

Mafi yawan manomanmu ba sa sayen tarakta, haya suke ɗauka, don haka duk abin da ya faru a Chennai ko Lahore ta kuɗin haron hekta yake iso musu. Mai tantan yana lissafin kuɗin saye da gas da direba da gyara ya raba kan kwanakin aiki, kuma kwanakin ba su da yawa, daga saukar ruwa zuwa ƙarshen shuka ne, sai ɗan aikin rani da jan tirela. Tun da naira ta faɗi daga wajen 460 kan dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, farashin sabuwar tarakta da na kayan gyara ya ninka, wannan ya fi kowace haɗewar kamfanoni tasiri a aljihu, kuma ya ƙara tura masu saye wajen kayan Indiya da Pakistan da Sin da kuma na hannu.

Dalilin da ya sa Massey Ferguson samfurin MF 375 ta zauna daram a arewa ba ɓoyayye ba ne. Ƙirar shekarun 1980 ce, Ingila ta daina yin ta tuntuni, masana'antar Coventry ma an rufe ta a farkon shekarun 2000, amma Millat yana ci gaba da ƙera ta, injinta samfurin Perkins ne da kowane bakanike ya sani, kayanta kuma ana samu a Kano da Zariya da Kaduna, na asali da na kwaikwayo. Wannan tarin sani da kayan gyara shi ne jarin da sabon suna ba ya da shi komai arharsa, kuma araha ba ta ado idan an rasa nozul a watan Yuni. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne lasisi yarjejeniya ce, tana da sharuɗɗa kan inda aka yarda a kai kaya, ana iya sabunta ta ana iya sauya ta, yadda aka gani tsakanin AGCO da TAFE.

Abu na biyu shi ne tazarar hayaƙi. Idan Indiya ta tsaurara ƙa'ida kan taraktocin ƙasa da doki 50, masu ƙira za su zaɓa, ko su riƙe layi biyu, ɗaya na gida ɗaya na ƙasashen da ba su da ƙa'idar, ko su mayar da komai mai kwamfuta. Idan na biyun ya faru farashi zai hau, kuma injekta ta zamani ba ta jure gurɓataccen gas, wanda ake saye a jarka a ƙauye zai iya kashe ta cikin kaka ɗaya, gyaranta kuma sai da na'urar gwaji. Idan na farkon ne, Afirka za ta ci gaba da samun tsohuwar ƙira mai sauƙin gyara, amma mai hayaƙi da shan mai.

Na uku sayen gwamnati. A Yunin 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka kawo daga Belarus, akwai kuma shirin Green Imperative da Brazil da aka daɗe ana magana, jihohi ma kowace da nata zaɓin. Ga kamfanonin da kasuwar yamma ta rufe musu ko ta yi musu tsada, irin wannan ciniki babbar mafita ce, shi ya sa suke zawarcin gwamnatocin Afirka, wani lokaci da rancen ƙasarsu, kamar yadda rancen Indiya ya kafa wurin harhaɗa Sonalika a Ebolowa ta Kamaru. Illar ita ce kowane zubi da nasa suna, jiha ɗaya sai ta tara samfuri biyar da kayan gyaransu ba sa shiga juna, ɗan kasuwa kuma ba zai cika shago da kayan taraktar da guda hamsin ce kawai a yankinsa ba.

Manyan ma ba su kau da kai gaba ɗaya ba. Deere ya zuba jari a 2022 a Hello Tractor, kamfanin da ya fara a Najeriya a 2014 yana haɗa masu tarakta da manoma ta waya tare da na'urar bin diddigi a jikin taraktar. Lissafin shi ne idan tarakta tana samun aiki sosai kuma ana ganin inda take, mai ba da bashi zai yarda, mai saye kuma zai iya ɗaukar mai ɗan tsada. Daga ƙasa kuma akwai wata gasar, ƙananan injinan huɗa masu taya biyu na Sin da Indiya da ake turawa da hannu sun shiga fadamun shinkafa a Kebbi da Jigawa da Kano, kuɗinsu bai kai ko kusa da na tarakta ba, kuma suna shiga ƙananan fangali inda babba ba za ta iya juyawa ba.

Ga wanda zai saya ko ƙungiyar da za ta haɗa kuɗi, sunan da ke bonet ya daina isa shaida. Farantin ƙarfen da ke jikin inji da na jikin bodi su ke nuna ƙasar da aka ƙera ta da wanda ya yi injin, kuma Massey biyu masu lamba kusan ɗaya, ɗaya ta Pakistan ɗaya ta Indiya ko Brazil, ba lallai kayansu su shiga juna ba. Sauran tambayoyin na dila ne, shekara nawa ya yi yana kawo wannan suna, a wane gari rumbun kayan gyaransa yake, garantin na awa nawa ne na aiki, kuma bakanike nawa ya horar a jihar da taraktar za ta yi aiki.